Sunan da Buba ya ƙi kamawa

Jiya na iske jikata tana shirin jarrabawa, tana soke amsoshi ɗaya bayan ɗaya, sai Buba ya faɗo mini a rai.

Zamanin Turawa ne, muna elemantare a Rabah. Baturen makaranta ya zo zaɓen waɗanda za a kai makarantar Midil a Sakkwato, Malam na yi masa tafinta. Da aka zo kan Buba, ɗan Fulanin bakin gulbi, sai aka ce: Bello ya fi Umaru gudu, Umaru ya fi Sambo. Wa za a bari baya, Bello, Umaru ko Sambo?

Mu kuwa mun san Sambo sunan babansa ne, kuma Buba bai taɓa kama sunan nan da bakinsa ba.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba Bello ba ne. Ba Umaru ba ne."

Malam ya ce, "To wane ne? Faɗi, yaro, kada Midil ta wuce ka."

"Malam, mi ya rage? Wanda ya rage shi ne."

Malam ya yi wa Bature bayani da Turanci, amma Baturen ya girgiza kai, aka kira na gaba.

Ni na tafi Sakkwato, Buba ya koma kiwo. Har Allah ya karɓi ransa ban ji sunan nan a bakinsa ba.

Ku gaya mini, Buba ya ci jarrabawar nan ko ya faɗi?