Wurin Zamana a Kwalekwalen Auwalu

Bana shekara shida ke nan da muka kai Auwalu makwancinsa a Birmingham. Mutane kan ce mini ai yanzu zuciya ta yi sanyi. Ta yi, ba na musu. Amma akwai abu ɗaya da shekarun nan suka kasa sanyayawa, kuma tunda ni ba gwanin ɓoye-ɓoye ba ne, bari in faɗa: har gobe ina kishin Bitrus.

Ni da Auwalu tare muka zo Manchester karatu, shi daga Gumel, ni daga Zariya. Wani ɗan flat muka kama haya a unguwar Withington, wanda in ɗaya yana girki dole ɗayan ya fita daga kicin. A bangon kicin ɗin akwai kalandar da tsohon ɗan haya ya bari. Shekararta ta wuce, amma hotonta ya hana mu cire ta: wata doguwar jar ƙofa ce ta katako, tsaye a cikin teku, ba katanga ba ɗaki, bayanta tsibiri mai duwatsu. Auwalu, da shegen bin diddigi, ya gano a Japan take, mashigar wurin bautar masu addinin Shinto ce, kuma in ruwa ya cika ana ɗaukar baƙi a kwalekwale a zaga da su. Kullum yana juya miya yana cewa, “Kabiru, ranar da muka gama wahalar nan, ni da kai sai mun bi ta ƙarƙashin ƙofar can.” Ni da kai ya ce. Ban taɓa jin ya ambaci mutum na uku ba.

Muka gama, kowa ya yi iyali. Ni na zauna a unguwar Moss Side nan Manchester, shi aiki ya kai shi Birmingham. A can ya samu maƙwabci, Bitrus, mutumin Pankshin, ma’aikacin ɗakin magani a wani asibiti, wanda ba ya fashin coci. Tun ranar da na fara jin sunansa, raina bai so shi ba. Bitrus ya ce kaza, Bitrus ya gyara mini mota, matar Bitrus ta aiko da gwate. Na ce, “Wai Bitrus ɗin nan shi ya yanke maka cibiya?” Ya yi dariya har da ƙwalla. Abin haushin, na haɗu da mutumin, na duba sama da ƙasa, ban samu aibun da zan kama ba.

Wata rana ina cikin bas za ni aiki, hoto ya shigo wayata. Auwalu da Bitrus a kwalekwale, kowa da malafa a ka, jar ƙofar nan a bayansu. Ƙofar kicin ɗinmu. Har na wuce inda zan sauka ban sani ba. Da ya dawo ya ce taron aiki ne ya kai shi, Bitrus kuma yana hutu sai ya bi shi. Ya kawo mini tsarabar ludayin katako na zuba shinkafa, wai shi aka san tsibirin da shi. Na miƙa wa matata Hauwa, na ce ta sa shi inda idona ba zai kai ba.

Fushina bai hana shi zuwa ba. Duk ƙarshen wata zai hau jirgin ƙasa ya zo, ya mamaye kujerata ta falo, ya ci tuwo da miyar kuka har da ƙari, mu yi ta musun ƙwallo da siyasar gida sai yara sun gaji da mu. Na ga yana ramewa na yi magana, ya ce likitansa ne ya hana shi maiƙo. Sai da aka kwantar da shi kwanciyar ƙarshe matarsa Rabi ta kira ni. Na iske Bitrus a bakin gado, ya san sunan kowane magani, ya san ciwon tun daga farinsa. Ni da muka sha gari tare a Withington na tsaya kamar wanda masallaci ya turo dubiya. Ranar jana’iza mu muka yi masa salla, Bitrus yana tsaye a gefe, amma da aka shafa fatiha wurinsa mutane suka nufa da ta’aziyya.

Nakan yi tunanin abin da Auwalu zai ce da zai leƙo yau. ’Yarsa Zainab ta shiga jami’a, Hausarta sai a hankali, Turancinta kuwa na ’yan Birmingham ne sak, irin wanda yake kwaikwaya muna dariya. Da ya ga yadda yanzu mutum ko zazzaɓi ya yi sai ya ɗora hotonsa da ƙarin ruwa a waya, na san tsaki zai ja. Tsibirin da muka yi shekaru muna kallo a kalanda, yau ɗana zai buɗe mini bidiyonsa kafin shayi ya huce, ni ne dai ba na yarda in kalla. Zainab ɗin ma in shawara take nema Uncle Bitrus take fara kira, ni sai gaisuwar Salla.

Bara aka yi walimar saukar ƙanin Zainab, Rabi ta zaunar da ni kusa da Bitrus, na kuma san da gangan ta yi. Muna cikin cin shinkafa na ajiye cokali na ce, “Bitrus, me ya sa kai?” Bai yi kamar bai gane ba.

Ya ce da kwalekwalen ya doshi ƙofar, matuƙin ya ce al’adarsu a sunkuya a tafa hannu. Fasinjoji duk suka yi, su biyu kuwa, Musulmi da Kirista, suka haɗa ido, kowa ya bar hannunsa a cinya. Sai mai yi musu bayani ya ce tsibirin wuri ne mai tsarki a wajen mutanensa, shi ya sa tun zamanin da ba a yarda a mutu a cikinsa ba. Babu maƙabarta, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa sai a tsallaka da shi ƙetare. Nan ne Auwalu ya gaya masa abin da likitoci suka gano a jikinsa kafin su taso daga Birmingham.

Bitrus ya ci gaba, “Na ce masa, have you told Kabiru? Ya ce a’a, kuma kada in kuskura. Ya ce, kai magani aikinka ne, you can carry it, za ka iya ɗauka. Ni kuma ina son gida ɗaya da ba a shigar da maganar mutuwa, inda zan zauna ba a kallona da tausayi. In Kabiru ya ji, kuka zai yi ta yi, tuwon ma ba zai ciwu ba. Shi ya sa bai tafi da kai ba. Ya ce a ƙarƙashin ƙofar nan ba zai iya ɓoye maka ba.”

Bitrus ya zaci maganar za ta wanke mini zuciya. Rabinta kawai ta wanke. Na gane Auwalu ya raba kansa biyu, ya ba ni dariyarsa, ya ba Bitrus tsoronsa. Hauwa ta ce nawa kason ya fi. Wataƙila. Amma ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni, tsoron zan zaɓa, in riƙe masa shi ko da ina kuka.

Abin da ya rage mini na Auwalu ba shi da yawa. Kujerar falo da har yau nake jin nauyin zama a kai, da ludayin nan da na sa aka fito da shi, da sanin cewa shekararsa ta ƙarshe a gidana kaɗai yake zama lafiyayye. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwanan baya Bitrus ya kira ni, ya ce mu daure mu je tsibirin tare, zai nuna mini daidai inda Auwalu ya zauna. Na ce na yarda, amma ba wurin Auwalu nake so ba. Wurin da shi Bitrus ya zauna nake so, na kusa da shi, domin tun a kicin ɗin Withington wannan wurin nawa ne.