Madubin Shagon Baba Tela

Shekara talatin da bakwai Baba Tela yana taka keken ɗinki, bai taɓa taka shi da takalmi ba. Yana isowa shago zai tuɓe silifas a bakin ƙofa. Cewa yake da tafin ƙafarsa ta dama yake jin keke, tun kafin zare ya sarƙe ya sani.

Da aka gano yana da ciwon suga, nas ta gargaɗe shi ya daina zama ba takalmi, ya kuma riƙa duba ƙafafunsa kullum, don ciwon yana kashe jin ƙafa. Takalmin dai bai sa ba. Dubawar kuwa matarsa ce ta ɗauka. Kowace yamma sai ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, tana buɗa yatsun tana yi masa tsiya.

"Maigida, wannan ƙafa ce ko ɓawon itace?"

"Ai da ita na tako har gidanku," in ji shi.

Bayan rasuwar matar, 'yarsa da ke aure a nesa ta kawo masa ƙaramin madubi.

"Baba, ka ajiye shi a ƙasa, ka riƙa ganin tafin ƙafarka."

"To, uwata, na ji."

Kashegari ya rataye shi a ƙusa, masu gwada kaya suna duba wuyan rigarsu.

Ƙasan shagon tela kuwa ba ya rabuwa da allura. A da, in ya taka ɗaya, ihunsa har shagon maƙwabta. Wannan karon karyayyar allura ta shige ƙasan babban yatsansa, ya yi ta taka keke a kanta kusan mako biyu bai ji komai ba. Wanzamin da ke kusa da shi ne ya fara jin wari, ya durƙusa ya leƙa, ya ɗago yana salati.

Likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Ƙafar ba ta tsira ba, aka yanke ta daga idon sawu.

Wata huɗu bayan nan ya dawo shago da sanda, 'yarsa na biye. Ya sauko da madubin, ya ajiye shi a ƙasa, ya daɗe yana duba ƙafar hagu. Sannan ya sa mata takalmi, ya ɗora ta a kan keke. Ya taka, keken ya juya baya, zare ya tsinke.

"Ba ta san aikin ba," ya ce a hankali.

'Yarsa ta kau da kai. Shi kuma ya lashi bakin zaren, ya shiga neman kafar allura.