Malam Mai Kunne a Gwiwa

Duk wanda ya san Kawu Bala mahauci a unguwar Ambassatna ya san ba a gaishe shi bayan magariba. Yana gindin tsamiyar gidanmu, kai a sama, kana sallama sai ya ɗaga hannu: "Dakata, Malam na karatu." Malam ɗin kuwa wata koriyar fara ce mai fiffike sak ganye, wadda ba ta sauka ƙasa. Namijin ke goga fiffike da fiffike yana kiran mace.

Kawu ya taɓa kamo ɗaya ya nuna wa amininsa Alhaji Sule, dillalin shanu, wasu 'yan ramuka a ƙafafunta na gaba.

"Kunnenta ke nan, a gwiwa."

"Da shunu?" in ji Alhaji da Larabci, wato mene ne wannan. "Bala, ka fara taɓuwa."

"Kai da naka ke a ka, me ka taɓa ji da shi?"

Ran da matarsa Inna Hajara ta sayo soyayyar fara, sai da ya tsince kwanon ɗaya bayan ɗaya, wai ko da ɗan gida a ciki. Da ya tabbatar babu, ya cinye tas. Mai feshin maganin sauro ma a ƙofa ya tare shi: "Shekara arba'in ina sayar da naman wasu, bar sauro ya ɗanɗana nawa."

Ya sha gaya mana macen kan tsaga ƙananan rassa ta zuba ƙwai, su shafe rani a ciki, sai ruwa ya sauka su ƙyanƙyashe. Ni dariya kawai nake yi. Ranin da yake kwance a asibiti gas ya yi wuya, sai na sassare rassan tsamiyar na hura tukubar tsirena da su.

Aka dawo da shi ba ya iya tashi, tagar ɗakinsa kuma ba ta kallon tsakar gida. Damina ta sauka, tsamiya shiru. Kullum bayan magariba sai ya ce, "Idi, Malam bai iso ba?"

"Ruwa ne bai zauna ba, Kawu."

Haka na yi ta yi masa ƙarya har ya rasu. Bayan sadakar uku Inna ta kira ni gefe.

"Tun a asibiti ya ji hayaƙin tsamiya a rigarka. Ya ce kada a tayar maka da maganar, za ka faɗa da bakinka."

Ban faɗa ba, abin kuma yana cin raina har yau. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ni kuma ya yafe mini.