Jigon Badamasi Da Rumbuna

Duk wanda ya ga amalanken shanu mai jan baki tsakanin Ketare da kasuwar Ƙanƙara, hannun Malam Badamasi ne. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma taubashina, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara ba ya iya ganin abu zaune lafiya. Shi ya kwance keken ubansa don ya ga inda gudun yake ɓoye. Ya girma ya yi suna a aikin katako, ya yi furfura, muka ce hankali ya zo. Ashe a hanya ya tsaya.

Bara ɗiyarsa Shafa'atu, wadda ke aikin jinya a Funtua, ta bar masa tsohuwar kwamfutarta. Akwai wani wasa a ciki: a ba ka katako, igiya, taya da dutse, ka haɗa na'urar da za ta jefa ƙwallo cikin kwando. Na leƙa sau ɗaya na ga ƙarya tsagwaronta. Dutse na faɗowa a hankali kamar auduga. Igiya ba ta tsinkewa. Katako ya lanƙwashe kamar rama ya miƙe. In komai ya rushe, ka danna wuri guda ya koma sabo.

Na ce, "Malam, a garin su wanga dutse ko azumi yake yi?"

Ya ce, "Kai da ko sunanka ba ka rubutawa daidai, mi ka sani game da ilimi?"

Kaka ta yi, na kawo dawata gida, muka fara zuba ta a rumbu. Kowa ya san yadda ake yi tun kakanni: a ɗage jinka, mutum ɗaya ya hau tsani, na ƙasa su riƙa miƙa masa dami. Rumbun ya kusa cika aka kira ni jana'iza Yargoje. Ina fita, Badamasi ya shigo ya ce wa matata Saudatu zai ƙarasa mini aikin, zumunci. Ya kafa gwafa, ya ɗora doguwar sanda irin jigon ban ruwa, ya ɗaura dami a kai ɗaya, ɗaya kan kuma dutsen niƙan Saudatu. Wai a kwamfuta ya gwada, sau tari ƙwallon na faɗawa kwando.

Saudatu ta ce tana faɗin "Malam, dutsena!" ya saki igiyar. Damin ya tashi ya tsallake rumbu, ya tsallake katanga, ya sauka bisa akurkin kajinsa. Dutsen kuwa bai yi azumi ba. Ya fizge igiya ya daki cikin rumbuna, ya fasa shi kamar ƙwarya. Dawar shekara ta zubo ƙasa, ga shi an saki dabbobi. Kafin in dawo awakin unguwa sun yi walima, Saudatu na bin su da muciya tana kuka.

Na same shi tsaye yana shafa gemu. Ko sannu bai ce ba.

"Igiyar ce ba ta da kyau," in ji shi.

"Igiyar! To danna wurin nan mana, rumbun ya koma sabo! Danna, injiniya!"

Na tafi wurin Mai unguwa na kai ƙara. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Tsakanin taubasai? Ai wasa ne, ba a shari'arsa." Wasa! Abincin iyalina a cikin akuya, wai wasa. Wani dattijo a wurin ne ya tuna cewa ko a wasa wanda ya fasa shi ke ɗinkewa. Da haka aka ce Badamasi ya gina mini sabon rumbu.

Abin da ya tsira na kwashe na jibge a ɗakin Saudatu, ita da yara suna kwana a gefen dami, ɓeraye na zagaye. Zai kai mu damina in an yi tsimi, ba zai kai sabuwar kaka ba. Badamasi kuwa yau kwanaki yana bayan gidana, wando a naɗe, yana cuɗa laka da ƙafa, yana ɗora rumbu sahu-sahu, kowane sahu sai ya jira ya bushe. Kwamfutar tana ƙarƙashin gadona, jingina, sai ranar da aka ɗora jinka.

Jiya ya ɗago kai daga cikin laka ya ce wai ya gano wata dabara ta ɗaga jinkar ba tare da mutane ba. Na aika a kira mini ƙarti huɗu, na zauna bisa dutsen niƙan da kaina.