Ƙwaryar Mai Kwantar da Kuka

A gidanmu na Kurmin Mashi, da an idar da sallar magariba Kaka Asabe za ta jawo kaskon gawayi bakin ɗakinta, ta jera masara a kai. Ita ce mahaifiyar babanmu. Mu shida muke zagaye ta, 'ya'yan gida da na maƙwabta, kuma ba na jin akwai wanda ke zuwa don daɗin labarin. Tatsuniyoyinta ba sa ƙarewa lafiya. Ba ta ma buɗe su yadda sauran tsofaffi ke yi, sai dai ta ce, "Ku rufe min baki, ga wata ta iso."

Wadda ta fi zauna min a rai ita ce ta wata mai magani da aljaninta. Aljanin nan akwai sauri da biyayya, amma ba ya jin wari, ba ya jin ɗanɗano. Abin da matar ta faɗa masa game da kowace ƙwarya, shi kaɗai ya sani. Cikin ƙoren akwai ta guba, wadda take ba dabbar da ta karye tana kukan azaba don ta huta. Matar ba ta son furta kalmar guba, saboda haka ta ce masa, wannan ita ce mai kwantar da kuka.

Ran nan za ta rafi, jaririnta na ta tsala ihu. Ta ce wa aljanin ya lallashe shi kafin ta dawo. Ya duba ƙore ɗaya bayan ɗaya, ya sami wadda sunanta ya dace da aikin. Da ta dawo ta tarar da gida tsit, aljani na zaune yana jiran yabo.

Nan Kaka ta tsaya, ta juya masara. "To, wa ya kashe yaron?"

Muka ce aljani. Ta miƙo hannu ta murɗe kunnen yayana Bashir har ya yi ƙara.

"Sakarkaru! Aljani ya ci amanar wa? Uwar ce. Bakinta ya yi mata nauyi, ɗanta ya biya." Sai ta kama kwaikwayon kukan uwar tana dariya, har tari ya sarƙe ta. Ƙanwata ta fashe da kuka, Kaka ta ce a bar ta, ai akwai ƙwaryar da za ta yi mata magani.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Unguwar Rimi, muna haɗa wa asibitoci manhaja. A cikinta akwai wakili mai ƙirƙirarriyar basira, wanda nas za ta rubuta wa umarni ya aiwatar. Ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Ɗan bayanin da mutum ya rubuta a kan kowanne yake karantawa ya zaɓa. Aikina shi ne in gwada bayanan nan, in ga ko suna kai shi inda ya kamata.

Bara wata nas ta umarci wakilin ya sallami wata dattijuwa da ta warke. Matar tana cikin keke napep a hanyar Rafin Guza saƙon ta'aziyya ya shiga wayar mijinta, daga asibiti, da cikakken sunanta. Kafin ta iso gida ya kira 'yan'uwanta na Zariya, an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Ogan kamfaninmu ya ce in nemo inda aka kuskure. Ban sha wahala ba. Akwai kayan aikin da ake amfani da shi idan majiyyaci ya rasu, bayaninsa kuwa ga abin da yake nufi: yana rufe lamarin majiyyacin da ya bar asibiti, ya sanar da iyalinsa. Na sake ba wakilin umarnin sallama ta fuskoki daban-daban, kusan kullum shi yake ɗauka.

Malam Sani ne ya rubuta bayanin, dattijon da ya koya min aiki. Matarsa ta rasu a gadon asibiti watanni kaɗan kafin nan, kuma duk ofis mun san har lokacin "ta tafi" yake cewa. Zan iya samunsa a teburinsa mu gyara. Ban yi ba. Na jira taron Litinin, na haska bayanin a bango, na karanta shi a hankali, sannan na tambayi mutane ko akwai wanda ya ga kalmar mutuwa a ciki. Wani ya yi dariya.

Malam Sani ya ce, "Malama Hadiza, na yi zaton za a gane."

Na ce, "Wa zai gane, Malam? Na'urar ce za ta ji maka kunya?"

Na daɗe ina ɗauka Kaka ta koya min cewa a kira abu da sunansa, kuma gaskiya ne, da shi nake cin abinci. Sai a taron nan na gane na kwaso har da sauran, domin lokacin da Malam Sani ya sunkuyar da kai daɗi na ji.

A ƙarshen watan ya ajiye aiki. Ranar da zai tafi ya turo min sabon bayani. Ya rubuta cewa a yi amfani da wannan kawai idan majiyyaci ya mutu, kuma kalmar ta fito har sau uku. A ƙasa ya ƙara, "Duba min, Malama, ko yanzu zai gane."

Na gwada, wakilin bai sake kuskure ba. Ina jin motsinsa a bayana yana kwashe littattafansa cikin kwali. Na rubuta masa, "Ya yi," na ci gaba da kallon kwamfutata har ya fita.