Wutsiyar Jirgin Maigidana

Maigidana mai gyaran fanka ne a bakin babban kwalbatin unguwarmu Nima, kuma tun da na aure shi ban taɓa jin kalmar a'a ta fito daga bakinsa ba. Ka kawo masa fankar da ta mutu tun zamanin kakanka, zai ce bari a gani. Maƙwabcinmu ya ari tsaninsa bai mayar ba, yanzu in muna bukata shi ke zuwa ya aro, ya dawo da shi da godiya. Mutane suna cewa na yi dacen miji mai haƙuri. Ba su ne ke zaune da shi ba.

Abu ɗaya na san ya taɓa so don kansa, shi ne jirgin sama. Ba wanda ake hawa ba, ƙarami wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Ƙaninsa da ke Turai ya aiko masa da injin da farfela da rimot ɗin. Jikin kuwa shi ya sassaƙa da hannunsa, daga farin soson da ake tallafe firij da shi a kwali, wanda ya tsinto a kasuwar tsofaffin kaya ta Agbogbloshie. A waya ya koyi aikin. Damina ta zo ta wuce yana yanka yana gogewa yana manna gam, ɗakinmu ya cika da farin gari har cikin miya. Da farko na yi ta mita. Daga baya na lura da fuskarsa in yana aikin, fuska ce da ban san yana da ita ba, sai na daina mitar. Ni tela ce, har na ɗinka wa fiffiken jaka.

Shirinsa mai sauƙi ne. Ranar Lahadi bayan asuba zai ɗaura fiffike, ya gwada komai, mu hau babur mu biyu mu tafi wani fili can hanyar Dodowa, don kusa da filin jirgin gaske ba a yarda a tada irin wannan ba. Ya bayyana mini aikin ƙarshe dalla-dalla, ko da yake ban tambaya ba. Mafi muhimmanci, in ji shi, shi ne awo. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, ya tsaya daidai, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. In wutsiya ta rinjaya, jirgin zai ɗaga kai sama ya kifo da baya, kuma soso ba ya faɗuwa sau biyu. Jirgi ɗaya gare shi, babu na biyu.

Sai dai a Nima bango ba ya riƙe magana, balle ƙarar inji. Ranar da ya gwada farfelar, matar ɗakin da ke jikin namu ta fito da roba cike da tattasai, ta zaci mun sayi injin markaɗe. Ta leƙa ta ga abin da ta gani. Kafin sallar Juma'a labari ya kai unguwar Maamobi, ya shiga kunnen Kawu.

Kawu yayan mahaifiyarsa ne. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya kai shi koyon sana'a, kuma ba ya bari a manta da ko ɗaya daga ciki. Ya zo da sandarsa ya zauna a kan bencin shago.

"An ce za ka fitar da jirgi babu addu'a," in ji shi. "Ko firij mutum ya saya a nan Zongo ai sai an shafa masa fatiha. Kai kuma abin da zai hau sama ne za ka fitar a ɓoye kamar kayan sata?"

Maigidana ya ce, "Haka ne, Kawu."

Ranar Lahadi na fito na tarar an kafa rumfa ta toshe lungu, an jera kujerun roba. Wata ta kawo koko da ƙosai, wani ya kawo goro. Matan ƙungiyarmu sun so su fitar da yayi, wato atamfa iri ɗaya da muke ɗinkawa don biki, lokaci ne kawai ya ƙure musu. Na ji wata tsohuwa tana tambaya ko namiji aka haifa ko mace.

Aka fito da teburin yankana, aka ɗora jirgin a kai. Gaskiya ya yi kyau, fari tas, da jan layi a gefe. Maigidana ya zare fiffiken daga jaka, ya zaunar da shi a gurbinsa, ya haɗa 'yan wayoyin da ke ciki, ya ɗaure sukurori a hankali. Ya cusa batir a hanci ya manne shi. Ya kunna rimot, jirgin ya yi 'yar ƙara kamar ɗan tsako. Ya tura sandar rimot dama, gefen fiffike ya motsa. Ya ja baya, leɓen wutsiya ya ɗaga. Ya ga ɗaya daga cikinsu yana tafiya a juye, ya danna wani abu a rimot ya gyara. Jama'a suna ta salati. Sannan ya ɗora jirgin a kan yatsunsa biyu, ya tsaya cak, hanci ya ɗan sunkuya. Ya kalle ni ta saman fiffike ya yi murmushi. Na ji daɗi har cikin raina, ban kuma ɓoye ba.

Kafin liman ya ɗaga hannu, maigidana ya yi roƙo ɗaya. Ya ce don Allah kada a taɓa gaba, farfela tana yanke yatsa, kuma kada a taɓa fiffike. Iyakar hanin da ya iya ke nan a rayuwarsa. Bai ce komai game da wutsiya ba.

Ana shafa fatiha Kawu ya miƙe ya laluba aljihu. Ya fito da laya, ɗinkin fata, mai kauri kamar sabulun wanki.

"Abin da ke sama ido yake ja," in ji shi. "Baki kuma ta baya yake bin mutum." Ya ɗaure ta tamau a gindin wutsiya.

Maigidana ya ce, "Kawu, nauyin..."

"Nauyin me? Sunan Allah ne zai yi wa jirgi nauyi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

Yaron da ake magana furfura ta fara cin gemunsa. Ya sake ɗora jirgin a yatsu, wutsiya ta yi ƙasa. Na ce a raina, yau dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi, dole ya yi magana. Sai ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗauko notuna, ya manna su a cikin hanci da salatif. Jirgin ya dawo daidai. Jama'a suka yi tafi, sun zaci wani sashe ne na aikin.

Daga nan sai ciyaman ɗin bes ɗinsu ya taso. Bes ita ce majalisar samari da ke shan shayin ataya a bakin titi, kuma ciyaman ɗin nasu yana da jika. Ya sa an buga sunan majalisar a kan ɗan faifan ƙarfe, irin na lambar babur.

"Cale, abokina, kai ɗan bes namu ne," in ji shi. "In jirgi ya hau, dole sunan bes ya hau. Mutanen unguwar Kanda su gani su san Nima ba wasa kraa, ko kaɗan."

Ya ɗaure faifan da waya a bayan layar. Maigidana ya ce an gode, ya cire boris daga wata matacciyar fanka ya tura a hanci. Magajiyar mata ta ce ba za a bar mata a baya ba, ta yage gefen mayafinta mai duwatsu ta ƙulla. Aka ƙara noti. Wani mai neman kujerar kansila ya zo da 'yar tuta a kan sanda, aka ƙara wani. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ban taɓa ganin miyar da kowa ya zuba mata gishirinsa ta ciwu ba.

Ta ƙarshe ita ce Mma, mahaifiyarsa. Aka riƙo ta a hankali har gaban tebur. Ita ba ta zo nuna isa ba. Ta ciro tasbahar mahaifinsa, mai manyan 'ya'ya na dutse, wadda ba ta rabuwa da ita.

"Babanka ya so ya hau jirgi ya je Makka, Allah bai ba shi ba," in ji ta. "Bari tasbahanshi ya hau."

Ta naɗa ta a wutsiya da kanta. Maigidana ya tsaya yana kallon tasbahar. Sannan ya cire kwaɗon akwatin kayan aikinsa, ya ɗan faɗaɗa ramin hanci da wuƙa, ya cusa shi gaban batir. Ya ɗora jirgin a yatsu. Ya tsaya daidai, hanci ya ɗan sunkuya, kamar yadda ya koya a waya. Na ga yatsun nasa sun lotsa cikin soson.

Saura gwajin nisa. Mutum ɗaya zai riƙe jirgin, mai rimot ya yi nisa yana motsa sanduna, a ga ko umarni yana isowa. Ya miƙo mini. Da safe da hannu ɗaya na ɗauke shi, yanzu sai da na tallafe shi a ƙirji kamar tukunyar wake. Na matsa kusa da kunnensa.

"Malam, wannan ba zai tashi ba."

"Na sani."

"Almakashina yana ɗaki. Ka tafi gwajinka, ka juya baya, in yanke kayan nan. Ni za a zaga, dama an san ba ni da kunya. A bar tasbahar Mma kawai."

"In an bar ta Mma an cire ta Kawu, da wane ido zan kalle shi?" Ya gyara zaman faifan ciyaman da yatsa. "Ki bari, maman yara."

Ya bi lungu da rimot har ƙarshe, wajen mai sayar da gawayi. Leɓen wutsiya ya yi sama ya yi ƙasa a hannuna, yana dukan laya. Komai yana aiki. Amma bai dawo nan da nan ba, ya daɗe a can tsaye ya ba mu baya. Raina ya ɓaci ƙwarai, da su duka, da shi ma fiye da su. Ina kuma jin tausayinsa, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Tafiyar mutum biyu a babur ta koma motocin haya na trotro biyu cike, har da kulolin abinci. A filin, maigidana ya ajiye jirgin yana fuskantar iska, ya ja da baya, ya yi bisimilla ya tura sanda har ƙarshe. Injin ya yi kuka, farfela ta ɓace don gudu. Jirgin ya ruga cikin ciyawa, tuta tana kaɗawa, mayafi yana bin iska, tasbaha tana ƙara. Ya yi gudu, ya yi gudu, ya ɗan yi tsalle a kan wani tudu kamar zabuwa, ya dawo ƙasa ya ci gaba. A ƙarshen fili maigidana ya juyo da shi. Haka ya yi ta kai da kawowa har batir ya mutu a gaban wasu awaki.

Na jira in ji an yi dariya. Ina, Zongo ba ta zuwa biki ta koma da kunya. Kawu ya ɗaga sanda ya ce a dubi ikon Allah, ko ƙwarzane babu, a ƙasar Turawa irin waɗannan faɗuwa suke yi kullum. Ciyaman ya ce ya ɗauki bidiyon tsallen, in an rage gudunsa tashi ne sosai. Aka buɗe kuloli. Mma, wadda idonta ba ya gani nesa, ta kamo hannun ɗanta.

"Ya hau?"

"Ya tafi ya dawo lafiya, Mma."

Ta shafa kansa ta sa masa albarka, ta ce a bar tasbahar a jiki, ta ba jirgin. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana godiya. A trotro ya riƙe jirgin a cinya har muka shigo gari. Sannan ya ce mini, "Amma kin ji ƙarar injin, ko? Lafiyayye ne." Na juya ina kallon taga.

Washegari da hantsi ya aro tsaninsa daga wurin maƙwabci, ya ce in riƙe masa. Ya ɗaura igiya a katakon rufin shago, ya rataye jirgin tsakanin matattun fankoki, da layarsa da faifansa da tutarsa. Ba kowa a bakin kwalbatin sai mu biyu. Na ce masa biki ya ƙare, kowa ya ci ya watse, ya sauko da shi mu kwance kayan nan, Lahadi mai zuwa mu koma filin ni da shi, ba wanda zai sani.

Ya tsaya a kan tsanin, hannunsa a kan fiffike. Na ga ya so. Ya daɗe yana kallon ƙullin layar, har ya kai yatsa ya taɓa shi.

"Kawu ta nan yake bi kullum in zai je masallaci," in ji shi. "Yana leƙowa."

Ya ƙara ƙulla igiyar, ya ce in riƙe tsanin da kyau zai sauko.