Cukun Takanamat da ƙaryar da na yi a Kalfu

Ranar Alhamis da asuba, ana sallame salla na tada mota a ƙofar gidan ƙanwata a Tawa. Waɗanda suka saba karanta ni a nan sun san ni direban motar kasuwa ne, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Wannan karon ba buhuna na ɗauka ba, ɗiyar ƙanwata na ɗauka, wadda ke shekara ta uku a jami'a. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa ba na iya kiran sunanta, sai dai in ce Inna.

Dalilin tafiyar shi ne aikin aji. Malaminsu ya ce kowane ɗalibi ya kawo abin da yake son ya bincika, da kuma wata sana'a da za ta ciyar da mai ita ta amfani jama'a. Sau biyu Inna tana kai nata yana mayar mata. Na farko ya ce a waya ta kwaso shi. Na biyu ya ce a ɗaki ta zauna ta ƙirƙiro wa mutane matsala. Ya ba ta zuwa Litinin, ya ce ta fita ta tambayi mutane da bakinta, in ba haka ba sai ta maimaita darasin baɗi. Uwarta ta kira ni tana faɗa mini kamar ni na kayar da yarinyar. Na ce a bar mini, duk ƙasar Adar babu garin da ba a san motata ba.

Hanyar Kalfu ba ta da nisa, kuma lokacin kaka ne, ko'ina damman gero a jingine ana jiran amalanke. Mun tsaya bakin gari na saya mana ƙosai na dala ashirin da kunu. Inna ba ta ci ba, tana ta bitar tambayoyinta a cikin kaye, littafin rubutunta, leɓenta na motsi kamar mai tilawa. Na dube ta, 'yar siririya da hijabi da jakar goyo, sai na ji tsoro kada dattawa su raina ta su ce ta dawo gobe.

A nan na yi laifina. Da muka isa na ce ta jira a mota in gaisa da mutane. Na samu dattawa a gindin itacen bedi, na ce musu na kawo 'yar furoje daga Yamai, irin ma'aikatan nan da ke zuwa da farar mota su rubuta sunaye, daga baya a kawo taimako. Na gaya wa kaina don ita na yi. Amma in zan faɗi gaskiya, har da son a ce yanzu ni ma manya nake ɗauka. Shekara ashirin ina shiga garin nan da awaki a bayan mota, ba a taɓa tashi a ba ni kujera ba. Ran nan biyu aka kawo.

Inna ta yi mamakin karamcin. Kafin ta buɗe kaye mutane sun yi layi. Duk wanda ta tambaya abin da ya fi damunsa sai ya ce komai. Hatsi babu, ruwa babu, dabba ko ɗaya. Wani dattijo yana cikin rantsuwa cewa ba shi da ko kaza sai ga tumaki biyar sun zo sun tsaya a bayansa, ya kore su da gefen riga bai waiwaya ba. Ba na zargin kowa. Sun saba cewa wanda ya ce yana da akuya ba ya shiga takarda, kuma ni na shimfiɗa musu tabarmar. Inna ta cika shafi goma sha biyu.

A hanyar dawowa ta yi ta juya shafukan. Can ta ce, “Kawu, mutum talatin na tambaya, amma kamar mutum guda ya amsa mini.”

Na ce haka ƙauye yake, damuwarsu ɗaya ce. Na ƙara wa rediyo murya.

Da yamma na je tasha shan esans, wato man mota, kuma bakina bai iya zama ba. Na ba abokan aiki labarin cewa gobe zan kai 'yar furoje Takanamat. Na manta cewa labarin da aka faɗa a tasha yana riga kowace mota isa.

Juma'a muka kama hanyar arewa. Wanda bai taɓa bin ta ba, ga yadda take: jar ƙasa mai ƙwanƙwasa haƙora, sai rairayi, sai duwatsun nan baƙaƙe na Adar da aka jera layi-layi a gangare don tare ruwa. Gonaki suna raguwa, garke yana ƙaruwa. Raƙuma suna tsallaka hanya ba sa ko duban mota. Litar esans ta kwalba kuwa, duk garin da ka ƙara gaba sai ta ƙara tsada, har na ce wa wani mai sayarwa ko da zuma ya haɗa ta. Ya ce in bai yi mini ba in jira ta gaba. Na saya.

Muna shiga Takanamat na ga inda bakina ya kai mu. Mata sun fi hamsin zaune a inuwar wani shago, kowace da katin shaida a ƙulle a bakin zane. Wasu da jakuna, alamar daga rugage suka taso tun kafin rana ta fito. Ranar aiki ce, ga wake a gona ba a gama roro ba. Inna na sauka wata mata ta miƙo mata kati ta ce a fara rubuta ta, mijinta yana Libiya shekara uku.

Inna ta riƙe katin, ta juyo ta dube ni. Wallahi idon mahaifiyarmu ne sak, ranar da ta kama ni da sigari a bayan rumbu.

“Kawu, mi ka ce musu?”

Na fara kame-kame. Ta ce, “Har da Kalfu?” Na ce har da Kalfu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe kaye, ta kama shafi goma sha biyun nan ta ninke su gefe guda, ta ce saura kwana biyu, kuma yanzu ba ta da komai. Sannan ta ce, “Ni ba zan faɗa musu ba. Wanda ya ɗaura shi zai kwance.”

Na taɓa faɗawa rami da mota cike da mutane, amma ban ji nauyin da na ji ba sa'ad da na tsaya gaban matan nan. Na cire hula na ce babu furoje, babu rabo, yarinyar nan ɗalibar jami'a ce, ɗiyar ƙanwata, aikin lakkol ya kawo ta, kuma ƙaryar tawa ce ni kaɗai. Nan fa aka fara. Ba zan rubuta duk abin da aka ce mini ba, akwai yara cikin masu karatu. Wata ta ce in biya ta tafiyar jakinta. Wata ta ce dama tun da ta ga motar ta san babu furojen da zai shiga wannan gwangwani. Wannan ta fi yi mini ciwo. Suka watse biyu-biyu, kuma suna da gaskiya.

Wata tsohuwa ce kawai ba ta tashi ba. Baƙin mayafi ne a kanta, Hausarta da gardin Tamashek na Buzaye, tana zaune kusa da wani kwando da aka rufe da tsumma. Ta nuna ni da sanda.

“Ai na san ka, direba. Kai ne mai aza buhun gawayi bisa cukuna.”

Sannan ta dubi Inna ta ce, “Ke kuwa ɗiyata, tunda ba ki da abin ba mu, taho ki taya ni aiki. Shi kuma ya ɗauko jarka.”

Haka na wuni ina jido ruwa daga rijiya zuwa rugarsu da ke bayan gari, mutum mai furfura a gemu, yara na bina suna kirana mai furoje. Duk sawun da na dawo sai in tarar Inna ta ƙara nisa. Ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga. Tsohuwar ta nuna mata yadda ake sa ɗan tsamin cikin ɗan akuya a madarar da aka tatso, a jira ta kama, a kwashe a shimfiɗa a kan 'yar tabarmar kara, a matse da tafin hannu har ta yi faɗi ta yi siriri, sannan a ɗora a kan rumfa ta bushe. Zanen da kuke gani a jikin cuku, sawun karan nan ne. Na shekara ashirin ina ɗaukar cuku ban san haka ba. Na farkon da Inna ta yi ya fito kamar takalmin da mota ta taka, matan rugar suka yi ta dariya, kuma daga dariyar nan hira ta buɗe.

Ba ta tambaye su abin da ya fi damunsu ba. Ta ga wata ƙwarya ce cike da gutsattsarin cuku, ta ce wannan fa? Tsohuwar ta ce wanda ya dawo daga Tawa ne. Cuku lafiyayye ɗan kasuwa yana karɓarsa da daraja, amma da zarar ya karye sai ya ce ba ya sayuwa, ya taya shi kamar dusa, alhali madara ɗaya ce, ɗanɗano ɗaya. Wata ta ce wani lokaci kashi uku za ta aika, kashi ɗaya ya isa a karye. Inna ta ce a ina yake karyewa? Duk suka juyo suka dube ni, ina tsaye da jarka a kafaɗa.

Tsohuwar ta ce masu takarda da yawa sun zo garin nan, babu wanda ya taɓa tambayar ƙwaryar nan. Ta ce su gutsattsarin suke dakawa da gero su dama wa yaran da aka yaye, kuma yaron da ke shan sa ba ya ramewa da rani. Na ga Inna ta daina motsi. Ta goge hannu a zane, ta jawo kaye, ta buɗe sabon shafi.

Mun kwana a garin, ita wurin matan, ni a gidan wani abokin aiki da bai bar ni na manta da maganar gwangwani ba. Da safe aka ba mu shayi da cuku da dabino. Garin Tabaram da muka yi niyyar zuwa daga nan, Inna ta ce a bar ta sai wani jiƙon, ta samu abin da ta zo nema. Tsohuwar ta kawo kwandonta ta ce cuku arba'in ne, a kai wa ɗanta a kasuwar Tawa, kuma tana son ta ji labarin yadda suka isa. Na miƙa hannu zan jefa shi baya kamar yadda na saba. Inna ta ce, “Gaba, Kawu.” Kwando ya zauna a tsakaninmu, an ɗaure shi da rawanina.

Tafiyar da nake yi cikin awa biyu, ran nan ta ci kusan huɗu. Amalanken jaki ya kusa wuce mu. A hanya Inna ta zaro bik ɗin rubutu ta ce tunda na lalata mata mutum talatin, sai in zama na farko a sabon lissafi. Ta tambaye ni shekara nawa ina ɗora kaya a kan cuku, da dalili. Na ce saboda ba shi da nauyi, kuma masu shi ba sa cikin motar balle su yi faɗa. Da na ji maganar ta fito daga bakina sai na ji kunya fiye da ta jiya. Ta rubuta. Can ta tambaya, in da akwai kwando mai murfi mai ƙarfi, wanda matan za su saƙa da kaba, direbobi za su yarda su ware masa wuri? Na ce in an yi musu magana a tasha ta bakin ɗan'uwansu, za su yarda. Ta ce, “To ka samu aiki.”

Mun shigo Tawa bayan azahar. Ɗan tsohuwar ya buɗe kwando a gabanmu: talatin da tara lafiya, ɗaya ya karye a wani rami da na gani sarai amma na makara. Na saye shi da kuɗin lafiyayye, muka raba da Inna a mota.

Ranar Litinin na ajiye ta a ƙofar jami'a, na kasa tafiya, na zauna wurin mai shayi har azahar. Ta fito fuskarta ba ta nuna komai, sai da ta shiga mota ta yi dariya. Malamin ya karɓa. Binciken shi ne inda cuku ke karyewa tsakanin rumfa da kasuwa. Sana'ar kuwa, a riƙa sayen karyayyen a hannun matan da farashin mutunci, a niƙa da gero a yi garin kunun yara. Ya ce da sauran aiki, sai ta tambayi likitoci kan tsabta da ajiya, ta kuma koma ta zauna da matan sosai. Ya tambaye ta shafukan da aka ninke, ta ba shi labari. Ya ce a gai da kawun, kuma kada a sake tafiya da shi sai an ɗaure masa baki.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Na ɗauka yarinyar nan tana bukatar in ƙara mata girma kafin a saurare ta, ashe girman da na ƙara mata ne ya toshe bakin mutane. Sun yi mata magana ne ranar da ta zauna a ƙasa hannunta duk madara. Na kuma gane cewa wahalar da ta je nema har Takanamat, shekara ashirin tana bayan motata a ƙarƙashin buhun gawayi.

Saura Kalfu. Har yanzu akwai mutum talatin a can da ke jiran farar mota saboda ni. Inna ta ce ranar kasuwa mai zuwa za mu koma, ni zan fara sauka, kuma wannan karon kada in yarda a kawo kujera.